Tela da Sabon Makullin Ruwa

Tunda ka ce kai ba ka iya jira, zauna ka ji abin da ya sami wani tela a unguwarmu. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa azarɓaɓi, ko shayi a tsaye yake sha yana ƙona harshe. A gidansa akwai tankin ruwa bisa dogayen ƙarafa, bututun roba ya sauko daga jikinsa, a ƙasa kuma ga makullin ruwa mai jan mariƙi, wanda ke sakar wa banɗaki da madafa da famfon alwala ruwa. Makullin nan ya tsufa, yana ta ɗiga har gindin katanga ya yi gansakuka. Uwargida ta yi magana ta gaji. Sai ranar da aka ce surukinsa, wani dattijo mai tsananin tsafta, yana tafe daga Gumel zai kwana biyu, sannan tela ya zabura ya kira mai gyaran famfo. Mai gyara ya hau tsani ya rufe bakin tanki, ya sauko ya sa zarto ya yanke tsohon makullin, ya goge bakin bututu, ya shafa gam, ya cusa sabo ya riƙe. Da zai tafi ya ce, "Maigida, kada a saki ruwa sai bayan la'asar. Gam ɗin nan waje yake fara bushewa, ciki kuwa sai ya ga dama." Ya saɓi tsaninsa ya yi gaba.

Hantsi bai gama dubawa ba tela ya fara kewaya makullin nan kamar kaza mai jin ƙwai. Ya taɓa da yatsa, ya ji a bushe. Ya hura da baki, ya ɗauko mafici ya yi masa fifita. A ransa yana cewa ai masu gyara haka suke, su ƙara wa aiki wuya don a ga sun iya, kuma ina amfanin suruki ya iso ya tarar da famfo a ƙafe? Ya aro tsani wajen maƙwabcinsa mai fenti, ya hau ya buɗe tanki, ya mayar wa mai tsani abinsa, shi kuwa ya ɗora a kafaɗa ya tafi aiki bayan gari. Makulli ya riƙe, ko ɗigo babu. Tela ya dubi uwargida yana murmushin wanda ya ci gari.

Da azahar dattijo ya iso cikin farar babbar riga mai sitaci. Tela ya ja shi har gindin tanki, wai ya ga sabon aiki ya kuma yi alwala. Dattijo ya tsuguna, ya ce bisimilla, ya murɗa mariƙi. Sai makullin ya fizge gaba ɗaya ya zauna a hannunsa, ruwa ya yo feshi ya yi awon gaba da hularsa. Tela ya toshe bututu da tafin hannu, ruwa ya bi ta hammatarsa. Ya cusa ƙyallen shaddar mutane, ya fito kamar harsashi. Ya ɗaga kai ya dubi bakin tanki can sama, ba tsani. Suna tsaye jiƙe sharkaf har ruwan da aka yi mako ana tarawa ya ƙare a tsakar gida, agwagin maƙwabta suka shigo biki. Dattijo ya miƙa masa makullin, ya ce, "Ungo, ɗana, ina jin naka ne."

Mai gyara bai samu dawowa ba sai bayan kwana uku, kuma sai da aka sake yanka, aka sake jiran gam. Suruki ya gama kwanakinsa yana wanka da ruwan 'yan garuwa, sanye da rigar aro wadda ta tsaya masa a gwiwa. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.