Manomin Albasa a Kabarin Shugaba

Ka ce kai ba za ka taka kabarin mutumin nan ba, tunda a zamanin mulkinsa aka cuce ku. Ni ban ce ka je ba. Zauna dai ka ji abin da ya faru da wani manomi.

A wata ƙasa an yi wani shugaba da ya sa aka datse kogi, aka yi madatsar ruwa. Ƙauyuka bakwai ruwan ya cinye. A cikinsu har da na wannan manomi, wanda aka loda shi da iyalinsa a bayan mota, aka sauke su kan wani tudu mai tsakuwa, aka ce nan ne sabon garinsu. Gidan da ya bari bai ƙona masa rai kamar kabarin mahaifinsa ba, wanda ke gindin wata tsamiya. Yana ji yana gani ruwa ya yi ta hawa har ya shafe kan tsamiyar. Ranar ya rantse ko sunan shugaban ba zai ƙara kamawa ba. Shekara uku suna shan wuya a tudun nan. A ta huɗu aka jawo ruwa daga madatsar ya ratsa ta gefensu, manomi ya shiga noman rani. Da albasa ya yi rufin kwano, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata huɗu, da ita ya sauke farali. Duk da haka, ranar da sojoji suka hamɓarar da shugaban sai da ya yanka zakara aka yi miya. Da aka sanar da rasuwarsa kuwa, kashe rediyo ya yi ya tafi ban-ruwa.

Bayan shekaru, wata damina ya kai albasar da ya ajiye kasuwar wani gari mai nisa, ashe mahaifar shugaban ce. Ya sayar da wuri, mota kuma ba za ta tashi ba sai la'asar. Sai ya ce bari ya je ya ga inda aka ajiye mutumin da ya nutsar masa da uba. Ya zaci zai tarar da gini da masu bindiga. Abin da ya tarar tudun ƙasa ne a ƙarshen maƙabarta, da allon ƙarfe da tsatsa ta cinye rabin rubutunsa. Ga kuma kwazazzabo da ruwan sama ya haƙa, ya ci gefen maƙabartar, tsakaninsa da kabarin bai fi taku uku ba. Tsohon da ke gadin wurin ya ce masa manya suna zuwa duk shekara, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ce za a gyara, a watse. In aka yi ruwa biyu masu ƙarfi, a rafi za a tsinci ƙasusuwansa.

Manomi ya ji wani sanyi a ransa, ba zan ɓoye maka ba. Ya ce ruwa ya ci uban wani, yau ga shi ya zo kan mai shi. Ya juya zai tafi. A bakin ƙofa ya ɗaga hannu zai share gumi, sai warin albasa ya buge shi. Ya daɗe a tsaye yana duban tafin hannunsa. Daga nan ya koma tasha ya kwaso buhunan da ya juye, ya ari shebur, ya shiga cika su da yashi yana jerawa a bakin kwazazzabon, yadda yake tare ruwa a fadamarsa. Mota ta tafi ta bar shi. Kwana uku ya yi yana wannan aiki, ya bi bayan buhunan ya dasa ciyawar jema don saiwarta ta riƙe ƙasa.

Da zai tafi tsohon ya tambaye shi, "Malam, kai ɗan'uwansa ne?"

Ya ce, "A'a, Baba. Shi ne wanda ya sa ruwa ya ci kabarin ubana."

"To me ya kai ka?"

"Shekara ashirin da ruwan nan nake ci da iyalina."

Ya tsaya a kan kabarin ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Allah Shi ya san tsakaninmu." Ya saɓa rigarsa ya nufi tasha. Daminar ta wuce, ta bayanta ma ta wuce, kabarin yana nan inda yake.

Saboda haka kafin ka yanke hukunci, ka duba abin da ke cikin tukunyar gidanka, ka tambayi kanka daga ina ya fito. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.