Ƙara Uku

Da farko na'urorin sadarwa aka yi wa dokar: kowane gida da na'ura biyu, idan ɗaya ta yi shiru ɗayar ta ɗauki sunanta ta ci gaba. Daga baya abin ya kai ga mutane. Waya ta yi ƙara uku ba ka ɗauka ba, na'ura ta amsa da muryarka.

Malam Tanimu kuwa gwiwa ta ƙi. Kafin ya miƙe daga tabarma, an gama gaisawa da 'yarsa Sakina da ke aure a Agadas.

"A mai da mini ƙarar biyar mana," ya roƙi mai gyaran waya.

"Doka ce, Malam."

Ran Juma'a ya rungume wayar tun hantsi, ya cafke a ƙarar farko.

"Sakina, ni ne!"

"Baba, lafiya? Yau ba kamar kai ba. Ko in sake kira?"