Koren Shayin Gidan Si Hammu

Injiniya Lahsen ya juye koren rini a ramin masai na ƙauyen, ya ce duk rijiyar da launin ya ɓulla a cikinta, rufe ta za a yi.

Ranar da ya dawo dubawa, Si Hammu ya tare ƙofar gidansa. "Rijiyata tun kakana ba ta taɓa kwantar da kowa ba. Kuma a gidana ba a aiki sai an sha shayi."

Aka kawo shayi, Lahsen ya shanye, aka ƙara masa, ya ɗaga kofin yana yaba wa matar gidan. "Lalla Itto, na'ana'arki ta fi ta kowa kore."

"Wace na'ana'a, ɗana? Akuya ta cinye. Rijiyar ce Allah ya yi wa albarka, tun shekaranjiya da wannan koren launin ruwan ke fitowa."