Gidansu Daga Saman Dutse

Saura kaɗan ta kai saman dutsen, zaninta ya hana ƙafarta buɗewa.

"Ke, sauko," yayanta ya kira ta daga ƙasa. "Kular abinci aka ce ki tsare mana. Idan na faɗa wa Baba, kin gama fita ke nan."

Abokansa suka kwashe da dariya. Ɗayansu ya ce, "Ƙanwarmu, lallaɓa ki dawo, akuya ma a nan take juyawa."

Duk Asabar sukan hau duwatsun bayan Kazaure, ita kuma ta zauna a gindin tsamiya tana korar ƙudaje, su sauko suna ba ta labarin abin da suka hango. Yau suna cikin ɗaure takalma ta riga su kama dutsen.

Da hannu ɗaya ta kwance zanin, ta sake shi ya bi iska. Akwai dogon wando a ciki, tun safe ta saka shi. Dariyar ta tsaya. Ta miƙa ƙafa, ta kafa gwiwa, ta ja jikinta sama.

Ga ruwan dam yana ƙyalli, ga gonakin gero, ga unguwarsu. Ta nemi gidansu, inda ko ƙofa ba ta leƙawa sai da izini, har ta gano shi. Ta rufe ido ɗaya, ta ɗaga babban yatsanta. Gidan ya ɓace a bayansa, har da katangar.

Ta leƙo ƙasa. "Yaya, je ka faɗa masa."