Dawisun Hajiya Kulu

Dawisu goma sha biyu ne a jikin zanen gadon, kowanne tsaye a kan agogo, kowane agogo a tsakiyar gonar abarba. Wanda ya zana shi, Allah kaɗai ya san abin da ya ci ranar. Amma daga Makka Hajiya Kulu ta kawo wa 'yarta Zinariya shi, har da ƙullin jan zare a kusurwa don kada ya cakuɗe da tsarabar mahajjata. Abin da ya fito Makka kuwa ba a kushe shi a Gwashi.

Aka shimfiɗa shi a kan gadon ƙarfe mai rumfa, aka jibga matasai har kusan rufin ɗaki. Gado ne na kallo. Zinariya da mijinta Mainasara a tabarma suke kwana, sun bar wa tsuntsaye katifa.

Abin da ya ɓata tsari labule ne, don a ƙofar ɗakin buhun takin zamani aka farke aka rataya. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi wa 'yarta magana yadda suruki zai ji daga tsakar gida.

"In na dawo bayan girbi na iske buhun ga na kallon zanen Makka, kwashe kayana za ni yi, da gadon da zanen."

Mainasara zai iya jure yunwa, amma ba zai jure a fita da gado ta zaurensa mutanen gari suna kallo ba. Washegari ya hau Hondarsa sai Anka, neman labule mai kama da zanen gadon.

Telan Anka, wani siriri mai wushirya, ya saurari bayanin dawisu da agogo da abarba har ƙarshe.

"Baki ba ya awon launi, malam. Yanko min tsuntsu guda in aika Kano."

Mainasara ya jira Zinariya ta tafi barkar suna, ya zura almakashi ta jikin bango, ƙarƙashin matasai, inda ido ba ya kaiwa. Mako ya zagayo, Kano ta ce wannan hagu yake kallo, a aiko mai kallon dama. Bayan shi ta nemi na uku don ta tabbatar da agogon. Daga nan Kano ta ce babu. Da ya nemi tsuntsayensa, tela ya yi dariya ya ce tun da yake bai taɓa jin abin da ya shiga Kano ya dawo ba.

Gero ya fara fitar da kai. Mainasara ya nufi Gummi, ya tarar da wani tela, shi ma da wushirya, wanda ya rantse Sakkwato ba ta rasa komai. Sakkwato ta ci dawisu uku ta goge baki.

A Bukkuyum ma mai wushirya ya samu, har ya yanke a ransa cewa cizon zare ne ke buɗe wa teloli haƙora. Wannan Gusau ya riƙa aikawa. Mainasara ya yanko na farko, ya yanko na biyu, ranar na uku kuwa sai da ya sayo ƙarin matasai biyu don rufin asiri. Zinariya ta ji daɗi, ta ce maigida ya fara sanin darajar ɗaki.

An kai dawa rumbu, saƙon Hajiya ya iso cewa jibi tana tafe. Mainasara ya rame. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

"Gusau ma babu," in ji telan Bukkuyum. Ya rage murya. "Amma akwai wani Tsoho can Adabka. An ce yana da labule guda rak, kuma ba kowa yaka nuna ma shi ba."

A Adabka ya iske Tsoho, haƙoransa na gaba duk sun zube. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi, ya warware a hankali. Mainasara ya matso ya duba. Ga dawisu, ga agogo, ga abarba, launi bai kuskure ko da ƙwayar gero ba. Tara ne, uku-uku a jere.

"Baba, ɗinkin ga hwa da ka ratsa tsakani?"

"Haka masaƙar Makka ka yi, don iska ta samu wurin lanƙwasa."

Ragon da yake kiwo don layya ya bar wa Tsoho, ya dawo Gwashi yana waƙa a kan babur.

Hajiya Kulu ta iso da hantsi. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta riƙe baki, ta ce ko a Makka ba ta ga dacewa irin wannan ba. Zinariya ta rangaɗa guɗa. Mainasara, durƙushe daga nesa, ya ji kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka, har ya yi ƙarfin halin faɗin inda ya samo.

"Tsoho na Adabka? Allah sarki, uban telolin nan ukku masu wushirya."

Hajiya na faɗin haka ta shiga gyara matasai, ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga biyu, sai katifa tsirara. Ta dawo bakin ƙofa ta shafa gefen labulen, yatsanta ya tsaya a kan ƙullin jan zare.

"Tara bisa ƙohwa, ukku bisa gado," in ji Hajiya. "Goma sha biyu nis sayo Makka, ga su nan cif."