Ƙanzon Tukunyar Aro

Tun da ka ce sulhun da kake nema da ɗan'uwanka ya ƙi sauri, har kana cewa gobe za ka je a yi ta ta ƙare, zauna tukuna in buga maka misali.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, gwanar girki ce ta gaske, sai dai Allah ya zuba mata gajen haƙuri. In ta sa hannu a abu, so take ta ga ƙarshensa nan take. Ita da maƙwabciyarta sun yi shekaru suna gaba a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, da ƙyar aka sasanta su, gaisuwa ta dawo amma ta fatar baki. Rannan maƙwabciyar ta ji dattijuwa za ta yi baƙi, sai ta ɗauko tukunyarta ta lantarki, irin mai dafa abu a hankali ɗin nan wadda cikinta tangaran ne, ta miƙo mata ta kan katanga, ta ce ta dafa ƙafar saniya a ciki. Dattijuwa ta ji daɗi har ranta, don ta san wanda ya ba ka aron abin da yake ji da shi ya huce ke nan. Girki ya yi kyau, baƙi suka ci suka sa albarka. Saura romo da 'yan ƙasusuwa a gindin tukunya, sai aka ɗauke wuta. Ita kuwa da murhu ta saba, inda wuta in ta mutu ta mutu sai an hura, saboda haka ba ta zare wayar tukunyar daga bango ba. Ta yafa mayafi ta fita rakiyar baƙi, daga can ta zarce gidan barka ta yini. Wuta ta dawo a bayanta. Ko da ta komo, ƙauri ne ya tarye ta tun daga zaure, ta buɗe murfi ta ga baƙin ƙanzo ya kama gindin tukunya kamar kwalta.

Ta yi maza ta zare wayar. In ta mayar da ita haka, ko ta mayar da ita da karce, za a ce da gangan ta yi, gaba ta dawo sabuwa fil. Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya ɗebo abin da ya saba: toka, yashi, da tsohuwar wuƙar da take kankare tukwanen ƙarfe da ita. Tana ɗora bakin wuƙar a tangaran ta ji wata ƙara har cikin haƙoranta, ta janye da sauri. Matan gida kuwa kowa da shawararta. Wata ta ce soson ƙarfe, wata ta ce ta sheƙa ruwan randa tun tukunyar na da zafi, abin da zai tsaga ta biyu. Dattijuwa ta kore su duka. Ta ce wa ranta, abin da ya liƙe a hankali ai a hankali zai saki. Ta bar tukunyar ta huce, ta zuba ruwa ya sha kan ƙanzon, ta jefa 'yar kanwa da ɗan sabulu, ta rufe, ta kunna wuta mafi ƙanƙanta. Daga nan aikin ya koma zama, kuma ga mace irin ta zaman ya fi surfe wuya. Ta buɗe ta leƙa, ƙanzo na nan daram. Aka sake ɗauke wuta, ta yi tsaki ta bar shi a jiƙe. Maƙwabciya ta tambaya ta katanga ko ta gama, don za ta ɗora wake gobe, dattijuwa ta daure ta amsa da fara'a cewa da hantsi in sha Allahu. Wuƙar nan tana ajiye a gefe tana kallonta, ba ta ƙara taɓa ta ba.

Da gari ya waye ta zubar da baƙin ruwan, ta sa cokalin katako ta ɗan tura, sai ga ƙanzo na tashi ɓawo-ɓawo ba gardama. Wanda ya rage a kusurwa ta sake masa ruwan ɗumi, shi ma ya ba da kai. Ta bi da soso mai laushi, ta ɗauraye, tangaran ya fito tas yana ƙyalli, ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Ta cika tukunyar da dambu, don abin aro ba ya komawa wofi, ta yi sallama gidan maƙwabciya, ta faɗa mata duk abin da ya faru. Maƙwabciyar ta juye dambun, ta shafa cikin tukunyar da yatsa, ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai ko ranar da aka kawo mini ita ba ta yi wannan hasken ba. Shigo daga ciki mana, mu ci tare."

To ka ji. Ba banza Hausawa suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa ba.