Ƙofar Babin Ƙarshe

Karo na uku ke nan Edita yana bin babi na bakwai, kuma jan biron da ke hannunsa bai samu abin ci ba. Wannan ne ya dame shi.

Littafin labarin wani fursuna ne. Marubucin kuwa saurayi ne mai ladabi, wanda wata biyu ke nan yana neman auren Auta, marainiyar ƙanin Edita da ya riƙa tun tana rarrafe. Ranar Juma'a saurayin zai zo karɓar amsa biyu, ta littafi da ta aure.

Edita ya sha faɗa wa ma'aikatansa cewa duk marubucin da bai taka wuri da ƙafarsa ba, ƙaryarsa ba ta wuce shafi goma. To ga wannan ya ci shafi ɗari biyu ko tuntuɓe bai yi ba. Ya san da zare ake raba sabulu a kurkuku. Ya san sabon shiga ne ke kwana kusa da bokitin bahaya. Ya san ana gane gandiroba da ƙarar makullansa tun bai shawo kwana ba.

Sau ɗaya Edita ya tambaye shi ko ya taɓa zaman kurkuku.

"Ko leƙawa ban taɓa yi ba, Baffa. Hira na yi da mutane, sai ɗan karance-karance."

Da murmushi ya faɗa, kuma murmushin bai kwanta wa Edita ba. Ya shiga bincike a ɓoye. Maƙwabta suka yabi saurayin, tsohon maigidansa ma ya yabe shi. Sai dai akwai shekara biyu da babu wanda ya iya cewa ga inda ya yi su. Wai jinyar mahaifiyarsa ya tafi. Edita ya san irin waɗannan shekarun, kowane gida da sunan da yake raɗa musu.

Da ya ɗan ɓara zancen a gida, Auta ta ɓata rai.

"Kai ma fa shekara shida ka yi kana karatu a waje, Baffa. Wa ya bi ka da tambaya?"

Edita ya kare kwanonsa da hannu ɗaya kamar kullum, ya cinye abincin kafin ta gama zuba ruwa. Tsoro yake ji, tsoron ya miƙa amanar ɗan'uwansa ga mutumin da zai shekara yana yi mata ƙarya.

Ranar Alhamis ya kai babin ƙarshe, a ofishinsa da wani tsohon ƙamus ke tokare da ƙofarsa rani da damina. An saki fursunan bayan shekara tara. Ya iso gida, ya tura ƙofar ɗakinsa da hannunsa, ya shiga yana dariya.

Edita ya karanta layin sau biyu. Ya ja masa jan layi mai kauri, ya kishingiɗa, ya sauke numfashin da ya yi wata biyu yana riƙe da shi.

Washegari saurayin ya shigo, ya ture ƙamus ɗin da ƙafa, ya mayar da ƙofa saboda sirri, ya zauna a bakin kujera.

"Gyara ɗaya ne," in ji Edita. "Wanda ya daɗe a ciki ba ya tura ƙofa. Hannunsa ya manta. Tsayawa yake a gabanta, hannu a baya, sai an buɗe masa."

"Duk waɗanda na yi hira da su babu wanda ya gaya mini haka."

"Ba sa sanin suna yi. Ka gyara, za mu buga. Ka kuma turo manyanka, na yarda ba ka taɓa zuwa ba."

Saurayin ya yi ta godiya. Edita ya miƙe don ya raka shi, ya yi gaba, saurayin kuma ya sunkuya yana tattara takardunsa.

Da ya ɗago, sai ya ga Edita tsaye ƙyam a gaban rufaffiyar ƙofar, hannayensa a baya, yana jiran a buɗe masa, kamar yadda aka koya masa a shekara shidan da dangi ke kira karatu a waje.